Malam Balarabe Mai Almakashi, Sarkin Guragun Tashar Kulu

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Balarabe Abdulmalik a garin Yako da ke ƙasar Kiru, a farkon shekarar 1957 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1376 bayan Hijira. Sunansa na yanka Sadiq, amma da yake ranar Laraba ya zo duniya, sai laƙabin ya danne sunan har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifinsa, Malam Abdulmalik, manomin dawa da gyaɗa ne, mahaifiyarsa kuwa ana kiranta Fatima. Yana da kimanin shekara huɗu wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, da ya tashi sai aka tarar shan-inna ya cinye masa ƙafafu biyu. Mahaifinsa ya nemi magani iyakar iyawarsa, daga baya ya fawwala wa Allah, ya ɗauki alwashin cewa tunda yaron ba zai riƙe fartanya ba, to lallai zai riƙi ilimi.

Karatu

Ya fara da makarantar allo a unguwarsu, inda yayansa yake kai shi a kan jaki. A shekarar 1966 aka sa shi a firamare, ya kammala a 1972 da sakamako mai kyau, sai dai bai wuce nan ba, domin makarantun gaba duka na kwana ne kuma babu wanda zai riƙa ɗawainiya da shi a can. Ya zauna a gida shekaru yana ɓarar gyaɗa da tufkar igiya.

A shekarar 1978 aka ɗauke shi a wata cibiyar koyar da sana'a da aka keɓe wa naƙasassu a birni, ya koyi ɗinki a kan keken da ake juyawa da hannu. Ranar bikin yaye su, a 1980, manyan baƙi sun halarta, an yi jawabai masu daɗi, sa'an nan aka raba wa kowane ɗalibi sabon keken ɗinki a cikin tafi. Kekunan kuwa duka na ƙafa ne, alhali fiye da rabin ɗaliban guragu ne. Babu wanda ya lura a cikin masu jawabin, ko kuma sun lura suka ga ba ranar lura ba ce. Haka Malam Balarabe ya koma Yako da kekensa a bayan mota, aka ajiye shi a zaure, maƙwabta suna zuwa yi masa barka.

Shigarsa sana'a

A 1981 ya ƙaura zuwa Tashar Kulu, wata kasuwar gefen titi tsakanin Bebeji da Kiru, ya sa wani maƙeri ya liƙa wa keken mariƙi, ya kama rumfa shi kaɗai. Hannu ɗaya yana juyi, ɗaya yana riƙe yadi, saboda haka aikin ba ya sauri. Abin da ya fi ci masa rai shi ne irin aikin da ake kawo masa: mutum zai zo da tsohuwar riga a yi mata faci don tausayi, ya biya da fara'a, sa'an nan ya wuce da shaddarsa ta Sallah rumfar wani telan.

Da abin ya ishe shi, a 1982 ya je wurin Malam Dikko Tela, mai rumfa mafi girma a kasuwar, ya nemi a ba shi wuri. An ruwaito cewa Malam Dikko, wanda ba ya tauna magana, ya ce masa: “Yaro, ni ban da kujerar tausayi a nan. Abin da hannunka ya yi, shi za ka ci.” Malam Balarabe bai yi fushi ba, sai ya riƙa zuwa yana zama a bakin rumfar yana kallo. A nan ya gane cewa yankan yadi a ƙasa ake yinsa a kan tabarma, kuma telolin duk gudunsa suke yi, saboda durƙuso da ciwon baya. Shi kuwa ƙasa wurin zamansa ce tun yana yaro. Ya nemi almakashi, aka gwada shi da ragowar yadi, ya ci jarrabawa. Cikin 'yan shekaru ya zama shi ne mai awo da yanka na rumfar gaba ɗaya, daga nan ne kuma laƙabin Mai Almakashi ya bi shi.

Daga wannan lokaci ya riƙi wata fahimta da ya rayu a kanta, wato kowace sana'a tana da ɓangaren da ake yi a zaune, da wanda ba ya buƙatar ji, da wanda hannu yake gani ba ido ba, kuma ba a sanin wannan ɓangare sai an zauna an kalli masu aikin.

Aure da iyali

Ya yi aure a shekarar 1985, ya auri Malama Luba, 'yar Malam Bature na Tudun Wada, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wasu daga cikin danginta sun yi gunaguni, amma mahaifinta ya bincika addininsa da sana'arsa, ya gamsu, ya ɗaura aure. Ita kaɗai ya aura, kuma sun zauna shekara talatin da takwas cikin rufin asiri.

Sarauta da rikicin da ya biyo baya

A shekarar 1997 Sarkin Guragun Tashar Kulu ya rasu. Bisa al'adar garin, mai wannan rawani shi ne jagoran naƙasassu baki ɗaya, kuma kowace Juma'a da hantsi yakan zagaya shaguna da rumfuna tare da jama'arsa, a ba su sadaka, su yi addu'a, a koma ƙofar gidansa a raba. Jama'ar suka zaɓi Malam Balarabe saboda karatunsa da mutuncinsa. Da farko ya ƙi, domin yana ganin abin da ya guje wa duk rayuwarsa ne ake so a naɗa masa a ka. Malama Luba ce ta sauya masa ra'ayi da ta ce: “Malam, wannan rawanin babu shagon da ake hana shi shiga. Kai da kullum kake kukan an rufe ƙofa, ga shi an miƙo maka mabuɗi.” Ya karɓa, aka naɗa shi bayan ƙaramar Sallah.

A zagayensa na farko ya karɓi abin da masu hatsi da 'yan tireda suka bayar don tsofaffi, amma da ya isa layin masu sana'ar hannu, sai ya mayar wa kowa abinsa cikin ladabi. Abin da ya riƙa faɗa shi ne: “Alhaji, Allah ya ba da lada. Amma yau ba wannan muka zo nema ba, wurin mutum ɗaya muke so a shagonka, ya koyi abin da kake koya wa yaranka.”

Wannan magana ba ta yi wa kowa daɗi ba. Masu shaguna sun saba su miƙa abin da ya sauƙaƙa, su ji sun sauke nauyin mako, ga shi yanzu an mayar musu a gaban mutane. Alhaji Ɗanliti, mai babban shagon walda, ya faɗa masa a fili: “Ranka ya daɗe, ka hana ni lada, kuma kana so ka ɗora mini kaya.” A ɗaya ɓangaren, jama'arsa ma sun fusata, domin rabon Juma'a ya ragu ƙwarai, kuma babu wanda aka ɗauka aiki. Gaskiya suna da hujja, saboda alkawarin sana'a ba ya tuƙa tuwon dare. Da daminar 1998 ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, sai suka kai ƙara wurin dagaci suna neman a tuɓe shi. Dagacin ya saurari kowa, ya yanke cewa za a jira zuwa kaka, idan ba a ga ko mutum ɗaya a bakin aiki ba, Malam Balarabe zai ajiye rawani, a koma yadda aka saba.

Malam Balarabe ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki, amma bai bi kowa da roƙo ba. Ya ɗauki hutu daga rumfar Malam Dikko, ya riƙa tuƙa kekensa na guragu zuwa ƙofar shagon Alhaji Ɗanliti, ya zauna yana kallo. Alhajin yakan wuce shi da gaisuwa a taƙaice. A cikin wannan zama ne ya lura cewa yaran shagon suna tura wa juna aikin dukan ƙarfe da goge shi da inji, domin ƙarar tana sa su ciwon kai, har aikin ƙofofi yakan yi jinkiri saboda haka. Sai ya zo da wani saurayi kurma mai suna Kamilu, ƙaƙƙarfa, ɗan kimanin shekara ashirin, wanda ba shi da abin yi sai dako jifa-jifa ranar kasuwa.

Alhaji Ɗanliti ya kawo uzurin cewa idan hatsari ya taso ba yadda za a yi a gargaɗe shi. Malam Balarabe bai raina wannan uzuri ba, ya zauna da yaran shagon suka tsara alamun hannu na wuta da tsayawa da matsawa, kuma ya ci gaba da zuwa har sai da suka iya magana da Kamilu ba tare da shi ba. Sharuɗɗan da ya gindaya su ne a ci abinci da shi a kwano ɗaya, a koya masa walda ita kanta ba dukan ƙarfe kawai ba, kuma idan ya ɓata aiki a yi masa faɗa kamar kowa. Ba a daɗe ba kuwa Kamilu ya ƙona wata ƙofa, Alhajin ya wanke shi tas da faɗa, da alamun hannu da ido, kuma an ce da labarin ya kai wa Malam Balarabe sai ya yi hamdala.

Da kaka ta yi, mutum ɗaya ne rak a bakin aiki. Dagaci ya ce ɗaya ba yawa ba ne, amma ya cika sharaɗi, rawani ya zauna. Wannan hukunci bai gamsar da kowa ba. Wasu magidanta daga cikin jama'arsa suka kwashe iyalinsu suka koma birni, kuma ɗaya daga cikinsu, abokinsa tun daga cibiyar koyon ɗinki, bai sake amsa gaisuwarsa ba har ya rasu. Malam Balarabe ya yi baƙin cikin wannan rabuwa matuƙa, kuma bai taɓa cewa abokin nasa ne mai laifi ba.

Yaɗuwar aikinsa

Daga shekarar 2000 ƙofofi suka fara buɗewa sannu a hankali, kuma labari ya kai garuruwan maƙwabta. Ya samar wa wata makauniya, Ummulkhairi, aikin ɗinke bakin buhu a wata ma'aikatar casar shinkafa a Tudun Wada. Ya kai Khairiyya, wadda shan-inna ya taɓa kamar shi, wurin wani mai gyaran wayar salula a Bebeji, inda daga baya ta buɗe nata teburin. A Doguwa ya sa wani saurayi daga rugagen Falgore, mai hannu ɗaya, a shagon maganin dabbobi, domin ya san cutukan shanu kuma yana jin Fillanci, abin da mai shagon ba ya ji.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. Akwai masu shagon da suka karɓi yaro suka ajiye shi a bakin ƙofa don baƙi su gani su yaba, ba tare da an ba shi ko guduma ya riƙe ba. Irin waɗannan yakan je da kansa ya ɗauke yaron, ya yi wa mai shagon godiya mai tsawo wadda kowa ya san ba godiya ba ce. Akwai kuma yaran da suka gaji suka gudu, domin lalaci bai san mai ƙafa da gurgu ba.

A shekarar 2011 aka saka shi a kwamitin ba da shawara na wata cibiyar koyar da sana'a a yankin. Ya yi tsayin daka a kan kada a ware wa naƙasassu aji na daban, yana mai cewa wanda aka koya wa aiki a keɓe, a keɓe kasuwa za ta ajiye shi. Ya kuma nemi kada a sayi kayan yaye ɗalibi sai an sa ɗalibin ya gwada su da jikinsa. An karɓi shawara ta biyu nan take, ta farko kuwa sai bayan shekaru da ja-in-ja.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

A 2019 ganinsa ya yi rauni, ya ajiye almakashi. A 2021 aka gano yana da hawan jini, ya rage tafiye-tafiye, amma bai bar zagayen Juma'a ba, duk da cewa ayarin ya koma shi da wasu tsofaffi ƙalilan, kuma rabin zagayen gaisawa ce da mutanensa da ke bakin aiki.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, a gidansa da ke Tashar Kulu, yana da shekara sittin da shida. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar garin, kuma layin masu sana'ar hannu ya kasance a rufe har la'asar. Bayan sadakar bakwai dattawa suka zauna don fitar da magaji. Duk wanda aka tuntuɓa daga cikin waɗanda suka cancanta sai ya ba da haƙuri, ya ce hantsin Juma'a lokacin aiki ne, ba zai iya barin shago ba. Har zuwa rubuta wannan tarihi rawanin yana ajiye a gidan dagaci, masu shaguna kuma suna aika wa tsofaffin rabonsu har gida.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Luba, da 'ya'ya biyar: Abdulmalik, manomi a Yako, Fatima, malamar firamare a Kiru, Mubaraka da Ramla, waɗanda suke aure a Tudun Wada, sai autansu Mujitaba, lafiyayyen saurayi, wanda yake koyon walda a shagon Malam Kamilu Kurma. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata makwancinsa, ya albarkaci zuriyar da ya bari.