Muryar Illa a Ƙofofin Motata

Jama'a, yau mamaci ya yi magana cikin motata!

Kun san Illa mai gyaran radiyon mota a Madawa. Jiya ya gyara mini bafal, wato lasifikokin ƙofofin motata, don ganga ta daina fita kamar ana buga gwangwani. Ya lilliƙa robar taya ciki, ya gwada da muryarshi da ya ɗauka a kart memuwar, ɗan katin ajiyar sauti, kamar yadda ya saba. Ya mance kart ɗin cikin radiyo.

Yau da safe babbar mota ta banke shi bisa babur. Innalillahi! Ni anka kira in kai gawa garinsu Galma, babanshi na gaba kusa da ni.

Munka faɗa wani rami, sai radiyo ta kunna kanta. Murya ta cika mota, har cikin ƙirjina: "Assalamu alaikum. Kuna ji na?"

Masu riƙe da gawa sunka ɗau salati. Na kai hannu zan kashe, tsohon ya riƙe ni.

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Muna jinka, Illa."