Balan-balan a Shagon Kawu

Kawuna mai aski ne, ƙanin mahaifiyata. A layinmu Hannun Auduga ake ce masa, don mutum yakan yi barci a kujerarsa aska na yawo a maƙogwaronsa. Shagon ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, benci, madubi da ya tsage a kusurwa, da fatar wasa aska rataye a ƙusa. Ba ya sa inji a gemu, ya ce wannan yankan ciyawa ne.

Wata safiya ya zo buɗe shago yana tangaɗi, ƙafafu a wawware kamar mai tafiya a kan katifa. Ya yi ta auna kwaɗo da makulli yana kuskurewa. Da ya yi gaisuwa, harshe ya yi nauyi. Kafin rana ta ɗaga magana ta zaga layi: ashe Hannun Auduga yana ɗan taɓawa. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ni na kai shi asibiti. Likitan saurayi ne mai gemu buzu-buzu, kawu yana kwance yana hararar gemun.

"Baba, taɓa yatsata, sannan ka taɓa hancinka," in ji likita.

Hannun kawu ya taso lafiya, amma da ya kusa sai ya hau rawa, ya wuce hancin ya sauka a kunci.

Bayan an ɗauki hoton kansa, likita ya dafa ƙeyarsa ya yi mana bayani. Ya ce a nan, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama da ba ta kai dunƙulen hannu ba. Ba ita ke ba da ƙarfi ba, awo ne aikinta: ita ke tsayar da mutum daidai, ita ke gaya wa hannu inda zai tsaya. Wata jijiyar jini ce ta toshe a wurin.

"Zan sake riƙe aska?" Abin da kawu ya tambaya ke nan.

"Da maimaici take koyo, baba. Alkawari dai ba zan yi maka ba."

Kawu ya ɗauki maganar maimaici da gaske. Ya fara da ɗaukar cokali da ɓalla maɓallin riga, yana tafiya dafe da bango. Da ya ɗan miƙe, sai ya koma yadda maigidansa ya koya masa aski yana yaro: a hura balan-balan, a shafa kumfa, a aske kumfar. Matarsa ce mai hurawa, har kumatunta suka yi ciwo. Kullum sai ka ji fau! daga shago, kumfa a bango, kumfa a girarsa.

"Wannan ma ya rasu," yakan ce. "Huro mini wani."

A haka ya gano dabara. Yakan matse gwiwar hannu a jikinsa, ya kafa ɗan ƙaramin yatsa a kan fata, ya riƙa ja gajere-gajere. Watanni suka wuce, ƙarar ta daina.

Amma kujera ba kowa. Tsofaffin abokan cinikinsa sukan leƙo su ce Allah ya ƙara sauƙi, su wuce shagon gaba. Mazan gidanmu kuwa duk a lokaci ɗaya suka fara sha'awar barin gemu. Ni mace ce, wallahi da ina da gemu da na ba shi. Sai ya fara fito da madubi ƙofar shago kowace safiya, yana aske nasa maƙogwaron a gaban jama'a. Aka yi ta kallo, ba wanda ya zauna. Ya ce mini in abin ya ci gaba haka, zai sauke madubin ya rufe shagon ya mai da makulli.

Ina shagon ranar da likitan ya shigo. Ya ce ya ga baba ya daina zuwa asibiti, shi ne ya biyo sawu. Kawu ya nuna masa balan-balan da ya aske tas. Likita ya jujjuya shi, ya dubi hannun kawu, sannan ya cire tabarau ya zauna a kujera.

"Tun ranar farko na ga kana hararar gemun nan."

Mutane suka cika ƙofa. Kawu ya ɗaura masa tawul, ya shafa kumfa, ya wasa aska a fata. Ya aske kumatu, ya bi haɓa, ya gangara maƙogwaro, ba ko ɗigon jini. Da ya zo gashin baki, ya miƙa hannun hagu a hankali, ya kama hancin likita da yatsu biyu ya ɗaga.

"Yau naka na taɓa," ya ce.

Likita kuwa idonsa a rufe, ya yi barci.