Isufu Digiri da Injinsa Mai Son Sanyi

Duk wanda ya san Isufu Digiri ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya taɓa. Ka shiga shagonsa ka yi sallama, kafin ya buɗe baki ya ɗora bayan hannunsa a kan wayarka, ko tankin motonka, wato babur, in bai samu komai ba, goshinka. Sai ya lumshe ido ya ce, "Kai, wannan ya yi zafi," sannan ya amsa sallamar. Ranar sunan ɗiyata aka miƙa masa jaririya ya yi mata addu'a, sai da ya auna ta tukuna. "Madalla," ya ce, "wannan an haɗa ta da kyau." Uwarta ba ta huce ba har aka yaye yarinyar.

Ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar babana ce, don haka ina da izinin faɗin abin da ku kuke jin nauyinsa. Direban kamiyo ne ni, babbar motar kaya, albasa nake kaiwa Kotonu. Shi kuwa da gyaran rediyo ya fara a bakin tashar Gaya, ya koma wayoyi, daga baya ya kama gyaran ordinatar, wato kwamfuta, na masu fitar da kaya a duwan, ofishin kwastan. A nan ciwon son inji ya kama shi. Ya ce ba zai mutu yana gyaran na mutane ba, sai ya haɗa nasa inji da hannunsa, guntu guntu. Duk tafiyar da zan yi sai ya turo mini hoton wani abu kore kamar biskit, ya ce in nemo masa, kuma kada in kuskura in ajiye shi kusa da albasa.

Wata rana na zaunar da shi na ce, "Taubashi, don Allah yi mini bayani kamar yadda za ka yi wa jaki."

"Ai haka nake yi maka kullum," ya ce. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannun yaro ba. "Wannan ita ce ƙwaƙwalwarsa. Waɗanda suka ƙera ta sun yanka mata iyakar gudu. In ka matsa mata ta wuce iyakar, sai ta ɗau zafi ta suma. In ka sanyaya ta, sai ta ƙara gudu. Akwai mutane a duniya da ke gasar haka. Wani a cikinsu ya ce mini daga ƙasa mai zafi irin tamu ba a yi."

"To, in ya yi gudun, ina za shi?"

"Lissafi zai yi."

"Lissafin me?"

"Lissafin gudunsa."

Na ce Allah ya ba da lafiya, na tashi.

Waɗanda suka shiga shagon nan a watan bazara sun san azabar da ake sha. Fanka uku gare shi, duka ukun sun juya mana baya suna yi wa inji fifita. Alhaji Garba mai shinkafa, dattijo mai girman jiki, ya kawo gyara, yana zaune rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya miƙa hannu zai juyo ɗaya wajensa, Isufu ya riƙe.

"Haba Isufu, ni da inji wa ya fi daraja?"

"Kai ne, Alhaji, nesa ba kusa ba. Amma kai Allah ya ba ka gumi. Shi marayan nan ba shi da shi."

Da fanka ta gaza, sai idonsa ya faɗa kan firigon matarsa Rabi, wanda take yin ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, na sayarwa. Ya jira ta tafi biki Junju, ya kwance injin firigon da bututunsa, ya kai shago, ya lanƙwasa, ya ɗora bakin bututun a kan ƙwaƙwalwar nan. Kuma wallahi abin ya yi! Na gani da idona, farar raɓa ta daskare a kan ƙarfe, a Gaya, da azahar. Sai dai sanyi na jawo ruwa, ruwa kuwa ajalin inji ne. Don haka ya bi gida ɗaki ɗaki ya tattara duk basilin da ke ciki, ya shafe allon injin da shi kamar amarya.

Rabi ta dawo ta buɗe firigonta, ta tarar da akwati. Ba ta yi ihu ba, kun san ta. Ta yafa mayafi ta zo shago, ina nan zaune.

"Baban Hadiza, ina cikin firigona?"

"Aro na yi."

"Basilin ɗin yara fa?"

"Shi ma aro."

Ta dubi injin yana ta sheƙi, ta dubi mijinta, ta ce, "To, tunda shi ke shan sanyi shi ke shafa mai, yau shi zai tuƙa maka tuwo." Mako guda Isufu na cin abinci a gidana. Kullum sai ya ɗora bayan hannu a kan kwano ya ce miyar ta huce. Na ce masa ai shi mai son sanyi ne, ya ci ya yi shiru. Bai koma gida ba sai da ya samo mata wani injin firigo a Malanbil, ƙetaren gada, ya ɗaura, ya roƙi gafara a gaban uwarta.

Kuna tsammani ya haƙura? Ina! Ya ce sanyin firigo wasan yara ne. Masu gasar gaske da wani ruwa suke yi, sunansa azot, wanda sanyinsa ya wuce na ƙanƙara nesa, har yana ƙona fata. Ya yi ta cigiya, daga ƙarshe ya gano wani likitan dabbobi a hanyar Bengu yana ajiye irin shanu, wato maniyyin bijimai, a cikinsa. Isufu bai taɓa kiwon ko akuya ba, amma ya zama babban aminin likitan nan. Ya gyara masa waya, ya gyara ta matarsa, ya zauna yana sauraron labarin bijimai har ya fara ba makiyaya shawara. A ƙarshe likita ya ce, "Malam Isufu, faɗi abin da kake so, na gaji da alherinka."

Ni na ɗauko tulun ƙarfen azot ɗin da likita ya ba shi a gaban kamiyo, shi yana rungume da shi, duk rami sai ya zage ni. Maƙeri ya riga ya ƙera masa wata ƙaramar tukunyar jan ƙarfe da za ta zauna a kan ƙwaƙwalwar. Da hantsi aka fara. Kafin ya zuba, ya ce in ba shi albasa ɗaya. Ya tsoma ta da cokali, ya fito da ita, ya sake ta a ƙasa. Ta tarwatse kamar kwalba! Na ce, "La'ilaha illallahu, albasata!" Ya ce, "Ka matsar da yatsunka, su ma haka za su yi."

Ya fara tsiyayawa a tukunya. Farin hayaƙi ya taso, ya sauko ƙasa, ya bi ta ƙafafunmu ya fita ƙofa. Inna Zaliya mai ƙosai ta gani, ta rugo da bokitin ruwa tana kiran jama'a da harshensu na Dandanci, gobara, gobara! Ban taɓa ganin Isufu ya yi tsalle ba sai ranar. Ya tare ƙofa da ƙirjinsa, bokitin duka ya ƙare a kansa. Ya share fuska ya ce, "Na gode, Inna, dama ina jin zafi," ya koma bakin aikinsa yana ɗiga.

Daga nan ya duƙufa. Yana zuba ruwa kaɗan kaɗan, yana danna maɓalli, wata lamba na hawa a fuskar injin. Can ya damƙi kafaɗata ya ce a hankali, "Taubashi, duba. Na wuce mutumin nan da ya ce ba a yi." Na duba. Ya miƙa hannu zai ɗau hoton shaida, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Fankoki suka tsaya, fuskar inji ta yi baƙi. Kafin wuta ta dawo, azot ya ƙare, ƙwaƙwalwar kuma ba ta sake farkawa ba.

Na ɗauka zai yi kuka. Ya daɗe a zaune, sannan ya ce, "Ka gani?"

"Na gani."

"Nawa ka gani?"

"Taubashi, ni lambar mota kawai na iya karantawa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Amma tun daga ranar na zama shaidarsa. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, sai ya jawo ni gaban mutane ya ce, "Faɗa musu." Ni kuwa kowane karo sai na ƙara gishiri: hayaƙin ya kai gada, 'yan duwan sun sa rigar sanyi. Sai ya ɓata rai ya ce, "Kada ka ƙara. Abin da aka yi ya isa." Mutum ne da zai kwance firigon matarsa, amma ba zai yarda a yi ƙarya a kan lamba ɗaya ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, na je duba shi bayan la'asar, ya ce ya gaji da ɗaki, in kai shi bakin gulbi. Na goya shi a moto, ya yi sauƙi kamar ba shi ba. Muka zauna kan wani kwale-kwale da aka kifa, muna kallon manyan motoci a kan gada.

"Ka san ban taɓa zuwa Kotonu ba?" ya ce.

"In ka warke sai in kai ka."

"A kan albasa? Allah ya kiyaye."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, bai dube ni ba, ya ce, "Ka dinga leƙa Rabi da yaran. Ta yi haƙuri da ni ƙwarai." Na ce to. Bai sake fita daga gida ba sai ranar da muka ɗauke shi.

Allah ya jiƙan Isufu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari. Allah ya ba Rabi haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma da ya bari da dariya, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.