Hulata ta saya wa surukina abinci

Jama'a, ku zo ku ji abin da hulata ta aikata yau!

Kun san sati guda ke nan ina neman katina na banki. Har na shirya Litinin in fasa zuwa aiki in je a rufe shi.

To, an sauko daga Juma'a, na biya wajen Hajiya mai shinkafa a ƙofar kamfaninmu na Challawa. Ta sayi sabuwar na'urar POS, wadda kati na kowane banki ɗora shi kawai ake yi, ba sai an zura ba. Ina zuwa sai ga surukina, Malam Sale direba! Hajiya ta riga ta danna kuɗin abincinsa, na'urar tana kan benci, shi kuma yana laluben aljihu.

Na zube gabansa. "Baba, kun wuni lafiya?"

Ina sunkuyar da kai hulata ta faɗo kan na'urar. Sai ji muka yi ƙit! Takarda ta fito!

Hajiya ta ce, "Kai! Wa ya biya?"

Wayata ta yi ƙara. Ni aka cire wa kuɗin! Na kife hular, ga katina a naɗinta. Ashe nan na cusa shi waccan Juma'ar garin alwala!

Malam Sale ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Auwalu. Hajiya, ƙaro nama biyu, a sake ɗora hular!"

Wallahi da hannuna na ɗora!