Rijiyar Tari

Kwana tara ke nan wasiƙar nan tana aljihuna, har ta sha baƙin mai. Ni ba marubuci ba ne. Keke nake gyarawa a Ƙofar Durbi, kuma a aji huɗu na bar firamare. Amma bana da soja suka miƙa mulki, sai wasu samari suka fito da mujallar gajerun labarai, suka ce kowa ya aiko. Na rubuta tatsuniyar kakata, Iya Tabawa, na aika. A ƙasa na sa "Wani Bakatsine".

Gidanmu yana bayan hasumiyar Gobarau. In an sauke tuwo, Iya ba ta bari wutar murhu ta mutu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana shigar mana ido, ba mai tashi. Ni ta fi tsokana.

"Matso, mijina marowaci. Cefane ba ka yi ba, amma kai ka fara miƙo hannu. To ga ta nan, kowa ya riƙe bakinsa."

Ta ce an yi wani mai gari da ya tsani tari. Duk wanda ya yi tari a gabansa, bulala. Mutane suka samo wata tsohuwar rijiya a bayan gari. In tari ya taso wa mutum, sai ya danne, ya ruga, ya leƙa ciki ya yi abinsa. Ana nan mai gari ya mutu. Wanda ya gaje shi ya sa aka yi shela, kowa ya yi tari inda ya ga dama. Aka yi ta guɗa. Da gari ya waye, sai ga layi a bakin rijiya kamar kullum, har da mai shelar.

Nan take tsayawa, ta hau ɓare gyaɗa.

"Sai me, Iya?"

"Sai ka tahi ka kwanta."

Haushi nake ji. Shekara arba'in ina ganin tsohuwar nan ta manta ƙarshen labarin ne.

Wasiƙar edita gajera ce. Labarin ya yi, za su buga, amma ba sa buga abin da babu sunan mai shi. In ban aika da sunana ba kafin ƙarshen wata, za su ba wani gurbin. Tun ranar na kasa zama. In ɗauki sufanar kwance noti in ajiye. Na ga yadda aka taɓa ɗauke wani mai shayi a layinmu a kan magana ɗaya, sai bayan wata biyar ya dawo yana ɗingishi. Labarin mai gari da bulala, wa ya san wanda zai karanta?

Malam Sada, malamin makarantar da wasiƙar ta biyo ta akwatinsa, ya kawo facin keke jiya. Shi ya duba mini labarin kafin in aika.

"Malam Lawal, ka aika?"

"Ina dai dubawa."

"Me kake dubawa? Sojan sun tafi fa."

"Sun taɓa tafiya, suka dawo."

Ya yi dariya. "To a gaida mutanen bakin rijiya."

Na ci gaba da liƙa facin. Ashe Iya ba mantuwa ta yi ba. Ta san wanda zai ƙarasa mata labarin yana zaune a gabanta, yana cin gyaɗarta.

Yau da safe na wanke hannu da kananzir, na rubuta sunana da na mahaifina, na ƙara da "daga bakin Tabawa". Na taka har gidan waya na jefa. Sau biyu na waiwaya a hanya, ba zan ɓoye ba. Amma ban juya ba.