Hoton Hantar Yaya

Wata uku Yaya ya yi a gidana a Dutse, tun da aka ce sankarar jini ce ke cinsa. Shi manomi ne a Miga, ni kuma koyarwa nake yi. Da safe asibiti, da rana aji, da yamma gindin murhu. Wallahi na gaji, irin gajiyar da ko wanka ba ya raba mutum da ita.

Da aka gama masa zagaye na biyu na magani, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya ce yana zargin wata cuta mai kama da funfuna, wadda ke shiga hanta da saifa idan jini ya yi rauni, ya tura mu hoton ciki. Mai ɗaukar hoton 'yar Filato ce, Sista muke ce mata. Ta shafa masa man nan mai sanyi, ta yi ta yawo da kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ta ce ba ta ga komai ba.

A bakin ƙofa ta riƙo hannuna. "Malama, kada ku yi murna tukuna. Abin nan ba ya fitowa a hoto sai fararen ƙwayoyin jininsa sun farfaɗo. Ki dawo da shi nan da sati biyu."

Ban gaya masa ba. Geronsa ya isa yanka, ba shi da zance sai wannan, ni kuma so nake in yi kwana biyu ban shaƙi warin asibiti ba. Na ce masa hoto ya fita fes, na sa shi a motar Miga. Na ce a raina zan kira shi. Sati biyu ya zama shida.

Matarsa ce ta dawo da shi, ya rame kamar kara, yana dafe da gefen dama. Wannan karon ko ni na gani a allon, ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun cika hantar. Sista ta ajiye na'urar, ta juyo kaina.

"Haba Malama! Ba sati biyu na ce miki ba?"

Kunya ta rufe ni. Yaya yana kwance, rigarsa a naɗe har ƙirji. Ya dube ni sau ɗaya, na san ya gane.

"'Yata, kada ki yi mata faɗa," ya ce da Sista. "Ta gaya mini. Ni ne na ƙi zuwa."

Sannan ya miƙo mini hannu in tashe shi.