Likitar Yaya Isufu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar wana Isufu, mai ɗinki a kasuwar Filinge. Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai barkwanci, kowa a gidanmu sai da ya laƙaba masa suna. Ni Gwamna yake ce mini, saboda faɗa. 'Yarsa Hadiza kuwa ta zama Likita tun ranar da ta ɗaure wa akuyarmu ƙafa da ƙyallen atamfa, tana 'yar shekara shida. Akuyar ma lafiyarta lau.

Da ya rasu, sai dangi suka mai da wasan nan wasiyya. Ba wanda ya nemi in zama gwamna, amma Hadiza dole ta zama likita. Da ta ci burbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, aka tura ta ɓangaren kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ba a ji ta bakinta ba. Kawunta na Bonkuku, in ya zo, tun daga bakin ƙofa yake nuna mata inda ke masa ciwo. A yi dariya, ita ta sunkuyar da kai.

Sau biyu tana faɗuwa bak, jarrabawar shiga jami'a. Yarinyar da a da ba a raba ta da surutu, yanzu ko zane za ta saya sai ta tambayi wani wane launi ya dace. Na gaji da ganin haka, na kuma gaji da gardama da mutanen da suka fi mamaci sanin nufinsa. Da Yaya zai leƙo yau, na san dariya zai fara yi mana, sannan ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Abin da na riƙe nasa ke nan: bai taɓa ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa ba.

Bayan sadakar Yaya ta bana, Hadiza ta same ni ina wanke kwanoni.

"Gwaggo, in na bar karatun likita, Baba na hushi da ni?"

Na rantse mata ba zai yi ba. Na ce, "To ke, ɗiyata, mi kike so ki zama?"

Ta tsoma hannu a ruwan wanke-wanken, ta ce:

"Ban sani ba, Gwaggo. Ba wanda yat taɓa tambaya ta."